Alamomin da Ake Sa wa Kaburbura: Ma'anarsu da Abin da Ya Rataya a Wuyanmu

 

Maganar yau ta maƙabarta ce. Mu nan Gombe yawancinmu zuwa muka yi, ko iyayenmu suka zo, daga Kano, Katsina, Zariya, Daura, Sakkwato, wasu har daga Maraɗi. Fataucin auduga da gyaɗa ya kawo wasu, wasu kuma jirgin ƙasa da ya iso a 1963. To, wanda ya zo cin kasuwa ya zauna, a nan zai binne nasa. Sai ɗan'uwa ya taso daga gida bayan shekara biyu ya ce a nuna masa kabarin mahaifinsa ya yi masa addu'a, mu tsaya muna kallon juna, wannan ya ce nan ne, wancan ya ce can ne. Wannan abin kunya ne, jama'a. Shi ya sa ya kamata mu san alamomin nan da abin da suke nufi.

Mu fara da namu na gida. Kabarin Musulmi a ƙasar nan, shi kansa yadda ya kwanta alama ce: kai kudu, ƙafa arewa, mamaci a gefen damansa yana fuskantar alƙibla. Tudun ƙasar da ake tarawa, kamar taƙi ɗaya, yana cewa ne akwai mutum a nan, kada a taka, kada a zauna. Dutse ko guntun itace ko fasasshiyar tukunya da ake kafawa wajen kai, shaida ce ga dangi. Wannan yana da asali, domin Abu Dawuda ya ruwaito cewa da aka binne Usmanu ɗan Maz'unu, Manzon Allah (SAW) da kansa ya ɗauko dutse ya ajiye wajen kansa don ya riƙa gane kabarin, ya kuma binne nasa a kusa. Ƙayar da ake jibgawa a kan sabon kabari kuwa ba ta da wata ma'ana ta addini, maganin karnuka da kuraye ne kawai. Ɗanyen reshe da wasu ke kafawa, suna dogara ne da hadisin kaburbura biyu da Annabi ya sa wa ɗanyen reshen dabino. Wasu malamai sun yarda a yi, wasu sun ce wannan nasa ne shi kaɗai.

Amma akwai iyaka. Muslim ya ruwaito daga Jabir an hana shafe kabari da farar ƙasa, da yin gini a kansa, da zama a kai, Tirmizi kuma ya ƙara da hanin rubutu. A Risala da muka karanta a makaranta, gini a kan kabari makaruhi ne, Muhtasar kuma ya halatta dutse ko itace don bambancewa, ba tare da zane ba. Akwai malaman da suka yi sauƙi a kan rubuta suna kaɗai idan ana tsoron ɓacewa. Ayar Alƙur'ani dai, mu duba da idonmu: farantin ƙarfe ya yi tsatsa ya faɗi, awaki su taka, ruwa ya ja shi cikin kwata. Wa zai so haka?

Waɗanda suka sauke farali sun ga Baƙi'a a Madina, duwatsu ne zube ba suna. Sarki Fahad na Saudiyya da ya rasu a 2005, a maƙabartar Al-Ud ta Riyad aka sa shi, kabarinsa ba rubutu. A Istanbul kuwa, tsofaffin duwatsun zamanin Daular Usmaniyya an sassaƙa musu rawani a kai idan namiji ne, irin naɗin yana nuna malami ne ko ma'aikacin sarki, mace kuma furanni. Wata da tauraro da masu walda ke liƙa mana a faranti, daga tutar wannan daula ya yaɗu, ba daga zamanin Annabi ba. Lambar 786 da ake gani wurin mutanen Indiya da Fakistan, hisabin haruffan Bisimilla ce.

Maƙwabtanmu Kirista, abokan cinikinmu, su ma suna da nasu, kuma sanin su yana cikin zaman tare. Gicciye shaidar addinin mamacin ne. Haruffa uku na RIP daga Latin suke, addu'a ce ta ya huta lafiya. Kurciya salama ce, buɗaɗɗen littafi Baibul ne, ɗan rago yawanci kabarin yaro ne. A tsofaffin kaburburan Turawa akan ga ginshiƙi da aka sassaƙa shi a karye da gangan, ma'ana mutum ya tafi da ƙuruciya. Idan muka raka maƙwabci jana'iza, mu girmama wurin kamar yadda muke so a girmama namu.

Kakanninmu da suka tafi yaƙin Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, wasunsu suna kwance a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun. Hukumar kaburburan sojan Kwamanwel, wadda aka kafa a 1917, takan sa suna da lambar soja da tambarin runduna, na sojan Afirka ta Yamma kuwa bishiyar kwakwa ne. Darasin shi ne rajista: mutum ya rasu a wata uwa duniya, amma jikansa zai iya gano layi da lambar kabarinsa.

A nan kusa da mu, kabarin Modibbo Buba Yero yana Gombe Abba, an san shi. A Bormi, inda aka gwabza da Turawa a watan Yuli na 1903, an san inda Sarkin Musulmi Attahiru yake, an san na Manjo Marsh. Ɗaruruwan da suka faɗi tare da Sarkin Musulmi fa? Allah kaɗai ya san makwancin kowannensu, kuma rashin alama bai rage su da komai ba a wurinsa. Alama ta masu rai ce: don ziyara, don kada a tone sabon kabari a kan wanda bai daɗe ba, don kada a yanka fili a kan iyayenmu.

Mun kuma san halin ƙasar garin nan. Rairayi ce, damina ɗaya kwari zai ci gefen maƙabarta, ya tafi da tudu da dutse gaba ɗaya. Saboda haka muna ba da shawara huɗu. Na ɗaya, a sayi babban littafi a ajiye wurin mai gadin maƙabarta, a rubuta suna da unguwa da garin asali da ranar binnewa. Na biyu, a raba wurin layi-layi, a sa lamba kawai a ɗan dutse wajen kai, suna ya zauna a littafi. Da haka mun kauce wa saɓanin malamai. Na uku, a gyara katanga, a dasa dalbejiya ta ɓangaren kwari kafin ruwa ya sauka. Na huɗu, kowane mai shago ya riƙa ba da abin da ya sawwaƙa duk wata don masu haƙa da mai gadi, bayin Allah da ba ma tunawa da su sai ranar da muka ɗauko makara. Kafin a fara, a kai maganar gaban limamai da masu unguwa su sa albarka.

Mu da ke rubuta bashin naira ɗari a littafi don kada ya ɓace, bai kamata mu kasa rubuta inda muka kwantar da iyayenmu ba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya haskaka kaburburansu, idan tamu ta zo ya sa mu cika da imani.