Jawabin Magatakarda: Wa ya tsaya wa hatimin da ke kan kayanmu?



A taron da ya gabata wasu sun kawo shawarar mu daina dogara da binciken hukuma, mu riƙa sayen kayan wuta masu hatimin kamfanonin gwaji kawai. Dalilinsu a fili yake. Kaya su taso daga Kwatano, su bi Gaya da Maradi har Jibiya, a duba takarda a kowane shinge, amma babu wanda ya buɗe soket ɗaya ya ga kaurin wayar da ke ciki. Shugaba ya ce in bincika in kawo bayani, ga abin da na samo.

Shawarar tana da tushe. A Amurka, hatimin UL da muke gani a jikin caja da waya ba na gwamnati ba ne. An kafa wurin gwajin a Cikago a 1894, da goyon bayan kamfanonin inshora, domin su ke biya idan gobara ta tashi. Har yau masu bincikensu sukan faɗo wa masana'anta ba sanarwa, su duba ko abin da ake ƙerawa shi ne wanda aka gwada.

Amma akwai wani labarin. A Satumban 2012 gobara ta kashe mutum fiye da 250 a wata masana'antar tufafi a Karachi ta Pakistan. Makonni kaɗan kafin nan wani kamfani mai zaman kansa ya ba ta takardar shaidar cika ƙa'ida. Idan wanda ake bincika shi ke biyan mai bincike, kuma mai binciken ba ya asarar komai in ya kawar da kai, takardar ba ta kare kowa.

Mu kuma san cewa alamar CE, a yawancin kayan wuta, mai ƙera kayan ne da kansa yake bugawa, yana cewa ya bi dokar Turai. A Najeriya kuwa, ƙarƙashin tsarin SONCAP, hukumar SON ce ke naɗa kamfanoni masu zaman kansu su duba kaya kafin a yi lodi. Ke nan kamfani da hukuma tare suke aiki, ɗaya yana gwaji, ɗaya yana riƙe da sandar hukunci.

Dattawa sun fi ni sanin wannan. A fataucin goro, baƙo yakan ba da kaya bashi saboda maigidan da ya sauke shi ya tsaya wa mai saye, in aka ci amana sunan maigida ne ya zube. Haka ya kamata mu auna kowane hatimi: wa ya tsaya masa, kuma me zai rasa idan ƙarya ce?

Don haka ina roƙon abu uku. Na farko, kafin a biya kuɗin kaya a nemi takardar gwaji mai lamba, a kawo ofis mu tuntuɓi kamfanin da ya bayar, kada mu yi cinikin biri a sama. Na biyu, mu buɗe littafi a ofis, duk kayan da suka narke ko suka ta da wuta a rubuta sunansu da inda aka saro su. Na uku, takardun hukuma mu ci gaba da cika su, domin ranar da shagon wani ya ƙone, mu za a nema a kasuwa, mai masana'anta yana can ƙetaren teku.

Allah ya tsare mu da dukiyarmu, ya sa albarka a neman halal.