Akwatin Littattafai Kusa da Akwatin Asusu



Yau a kan ɗakin karatu zan yi magana, wato laburare. Aikinsa kamar na asusunmu yake: a tara littattafai wuri guda, mutum ya yi rajista, ya ara, ya karanta, ya mayar wani ya ɗauka. Babban na jiharmu yana birnin Kano, shi ne Laburaren Murtala Muhammad. To amma ga matar da ke ƙauyukan Karaye ko Rogo, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana ta zuwa.

Shi ya sa nake roƙon kowace ƙungiya ta ajiye akwatin littattafai kusa da na kuɗi. Mu fara da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, yara su riƙa karanta mana da daddare. Sai Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar shi Murtalan. Tana yarinya aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, daga baya ta shiga karatun manya, ga ta yau marubuciya.

Sakatariya ta riƙa rubuta sunan mai aro, bayan mako biyu a dawo da littafi. Wadda ba ta iya karatu ba kada ta ji kunya. Tun 1980 Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano ke koyar da irinmu, sai mu nemi aji.

Ranar rabo, ina so kowacce ta karanta adadin zubinta da idonta, ba sai an faɗa mata ba.

Allah ya ba mu iko.