Kudaku a Gindin Wurin Alwala

 

Wata baiwar Allah ta ga hoton wani tsiro mai ganye fari-fari, mai laushi kamar auduga, ya lulluɓe ƙasa, ta ce ko zai yi a tsakar gidanta? Turawa na ce masa kunnen ɗan rago, asalinsa duwatsun Turkiyya da Iran ne. Yana jure fari, amma zafin bazararmu da laimar damina kashe shi suke yi. To, 'yar uwa, ga namu na gida: dankali, wato kudaku.

Dubi inda kuke alwala. Sau biyar a yini ruwa ke zuba can, ya kwanta, sauro ya samu gida. Wannan ruwan ya isa lambu.

Ki roƙi maigida ya samo maki yaɗon kudaku daga masu fadama. Yanka shi tsawon kamu ɗaya, mai gaɓa 4 ko 5. Ki ja 'yar kunya, taku biyu nesa da bango don kada laima ta ci ginin ƙasa, ki gauraya da busasshen takin awaki. Da la'asar za ki dasa, gaɓa 3 cikin ƙasa, sauran a waje. Makon farko kada ƙasar ta bushe. Ruwan wankin shinkafa yana da kyau, amma ban da na omo ko mai gishiri. Ki kange da kara, in ba haka ba akuya ta riga ki.

Bayan mako 6 ƙasa ta rufe, ƙura ta ragu, ki fara tsinkar kan ganyen kina miya. Wata 4 kuma sai haƙa. In an samu mai jan ciki, ya fi, don yana da sinadarin bitamin A mai kare idon yara.

Hattara dai: kunama na son sanyi. Ki riƙa ɗaga yaɗon da sanda, kada yaro ya sa hannu da dare.

Sannan kada ki tuge duka. Yaɗon da kika raya da rani, shi ne irin da maigida zai rasa in ruwa ya sauka, ga shi kuwa a gidanki.

Sai wani makon, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.