Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Kimiyya a Mubi





Mun saurari muhawarar da 'ya'yana da ake yayewa yau suka tafka a kan masanin da ya fi kowa yi wa kimiyya hidima, aka kuma ce in faɗi nawa ra'ayin. Magoya bayan Isaac Newton sun kafa hujja da littafinsa na 1687, wanda ya nuna cewa ƙarfin da ke jawo mangwaro ƙasa shi ne ke riƙe da wata a falakinsa. Na Albert Einstein sun zo da takardunsa na 1905. 'Yan mata sun tsaya kai da fata a kan Marie Curie, wadda ta ci kyautar Nobel a 1903, ta sake ci a 1911. An kuma ambaci Alhawarizmi na Bagadaza, uban aljabara. Kowa ya yi bincike kafin ya buɗe baki, kuma wannan ya faranta mini rai.

Ni kuwa, Hasan Ibnul Haisam nake ba wa kambun. An haife shi a Basra wajen 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. Kafin zamaninsa, manyan malaman Girka irin su Euclid da Ptolemy sun koyar da cewa haske daga ido yake fita ya taɓa abin da ake kallo, aka yi ɗaruruwan shekaru ana haddace wannan magana. Shi sai ya ce a gwada. Ya jera fitilu a wajen wani ɗaki mai duhu, ya bar 'yar ƙaramar kafa. Kowace fitila ta jefa ɗigon haskenta a bangon da ke fuskantarta. Da ya rufe fitila guda, ɗigonta kaɗai ya ɓace, sauran suna nan. Da ya buɗe, ya dawo. Da irin waɗannan gwaje-gwaje ya tabbatar cewa haske miƙewa yake yi sambal, kuma shigowa ido yake yi daga waje. Ya rubuta yadda ya yi dalla-dalla a Kitabul Manazir mai juzu'i bakwai, domin duk mai shakka ya kunna tasa fitilar ya duba. Aka fassara littafin zuwa Latin, masanan Turai suka ɗora a kai.

Dalilina ke nan. Wasu sun bar mana amsoshi, shi kuwa ya bar mana hanyar tantance amsa: ka ji magana, ko ta babban malami ce, ka auna ta. Gani ya kori ji.

Amfanin wannan hanya yana nan a kasuwar shanunmu ta Mubi. Ku tambayi tsofaffin makiyaya labarin bushiya, annobar da ta share garkuna a ƙasashen nan a shekarun 1890, ta sake dawowa a shekarun 1980. Wani likitan dabbobi ɗan Ingila, Walter Plowright, wanda ya yi aiki a Vom, nan Nijeriya, kafin ya koma Kenya, ya yi ta renon ƙwayar cutar a ƙwayoyin ƙodar maraƙi, yana gwada ta a jikin shanu, har ƙarfinta ya karye ta zama rigakafi. A 2011 aka ba da sanarwar cewa bushiya ta ƙare a duniya. Babu wanda ya ambaci sunansa yau, amma kowace tirelar shanu da ke tashi daga garin nan zuwa Kudu tana cin albarkacin haƙurinsa.

'Ya'yana, kada wani ya ce muku wannan fage na wasu ne. Muhammadu Alkatsinawi, Bafulatanin Katsina, ya rubuta littafi a kan lissafin hatimai a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Farfesa Iya Abubakar, ɗan Belel a nan maƙwabciyarmu Maiha, ya yi digirin digirgir a Cambridge, ya koyar da lissafi, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. Ku kanku kuna ƙanana aka tarwatsa garin nan a 2014, aka rufe makarantu, iyayenku suka dawo suka sake buɗe su. Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya suna nan a ƙofar gidanku.

Aikin da ke jiranku yana da yawa: ƙwarin da ke cinye wake a rumbu, gaɓar Yedzeram da ruwa ke zaizayewa, maganin da ake tallarsa a WhatsApp wai yana warkar da kowace cuta. Duk inda kuka ci karo da irin wannan, ku tambaya cikin ladabi: wa ya gwada, yaya ya gwada, zan iya maimaitawa?

Malamai, Allah ya saka muku da alheri. Iyaye, ku bar 'ya'ya mata su ci gaba kamar 'yan'uwansu maza. Allah ya yi wa karatun yaran nan albarka, ya zaunar da Mubi da Nijeriya lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.