Ɗan Ci-Rani a Gaban Doka



Hausawa kan ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Amma a zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, raɓar nan ba ta rasa inuwa ba. Falken da ya sauka Salaga ba shi da fasfo, sai dai yana da mai masauki, wanda zai adana masa kaya, ya tsaya masa wajen ciniki, ya kuma shige masa gaba in an zalunce shi. Watau a da, mutum ne garkuwar baƙo. Da aka shata iyakokin ƙasashe sai takarda ta maye gurbinsa, alhali kuwa yawancin 'yan ci-rani ba su taɓa riƙe ta ba.

An ga illar wannan a Gana cikin watan Nuwamba na 1969, sa'ad da gwamnatin Busiya ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama mako biyu ya fita. Cikin waɗanda suka ɗaure kaya har da mutanen zango, waɗanda a can aka binne cibiyarsu. Ran 17 ga Janairu 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan shela, aka kori baƙi wajen miliyan biyu, kimanin rabinsu mutanen Gana. Birkiloli da leburori da yawa sun tafi sun bar ladan guminsu a hannun iyayen gidansu.

Abin lura shi ne, Nijeriya ta riga ta sa hannu a yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 game da zirga-zirgar jama'a. To, amma matakinta na farko izinin shiga ne kawai, na kwana 90 ba tare da biza ba. Izinin shiga daban, izinin zama da neman aiki daban. Sai a 1986 aka ƙara wannan, tare da haramta korar ma'aikata baƙi a jimlace.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta wuce nan a yarjejeniyarta ta 1990, wadda ta fara aiki a 2003. Ta ce ko baƙon da ba shi da takarda ba a tauye masa lada, kuma maigida ba shi da ikon ƙwace masa fasfo. Nijeriya da Nijar da Gana duk sun amince da ita. Sa'udiyya kuwa, inda 'yan aikin gida daga ƙasar Hausa ke tafiya, ba ta shiga ba, haka ma Ingila da Faransa da Amurka.

Cikin Janairu na 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS. Ƙungiyar ta ba da sanarwa a lokacin cewa 'yan Nijar za su ci gaba da shiga da zama kamar da, har sai an sake shawara. Saboda haka ɗan ga-ruwan da ya zo Kano daga Maraɗi, sanarwa ce ta zama madogararsa, ba yarjejeniya ba, ita kuwa sanarwa ana iya janye ta a zama guda.