Kafin ka kama hanya cikin bazara: abin da ke hannun mai mota

 

Na san wasu sun yi mamaki da suka ji kan maganar yau. Mun saba zama mu yi ta kuka da ramukan hanya, da tsadar kayan gyara, da manyan motoci masu lodin da ya wuce kima. Kukan nan gaskiya ne, ba kuma za mu bar yin shi ba. Amma akwai wani kaso na haɗarin hanya da ba ya hannun kowa sai mai mota, kuma mu da muka ci permi an koya mana tuƙi ne kawai, ba a koya mana duba abin da muke tuƙawa ba.

Bari in ba ku abin da ya same ni. Cikin watan Afrilu ne, na ɗauki Innata, ƙanwar mahaifiyarmu, daga Maraɗi zan kai ta Damagaram ganin likita, a cikin Corolla ta yayana. Mun wuce Gazawa, ba mu kai Tasawa ba, wajen ƙarfe ɗaya na rana, sai na ji ƙara kamar an harba bindiga. Tayar baya ta fashe. Allah ya kiyaye, motar ba ta juya ba. Na buɗe kofur da ƙarfin gwiwa, sai na tarar tayar sekur ba iska ko kaɗan. Kirik ɗin kuma ina ɗagawa yana nutsewa cikin rairayi. Awa uku muka yi a wurin, tsohuwa marar lafiya tana zaune gindin wata ƴar bedi, ruwan shanmu ya ƙare. Abin da kawai ta ce mini shi ne: "Ɗana, ashe karatun naku bai kai nan ba?" Ganin likitan da aka rasa ke nan a ranar.

Mai facin da wani ɗan kabu-kabu ya ɗauko mana shi ya buɗe mini ido. Ya nuna mini wasu lambobi huɗu a gefen tayar da ta fashe: 2314. Ya ce biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Wato an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2014. Mu kuwa "sabuwa" muke ce mata, don ba mu daɗe da sayen ta ba, kuma zanenta bai cinye ba.

To a nan nake son mu ɗan daɗe. Yawancinmu tayun gwanjo muke saye, waɗanda suka gama aiki a Turai aka kwaso mana. Ba na zargin kowa, aljihu ne. Amma roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Tana bushewa, tana tsattsagewa, wayoyin da ke cikinta suna rabuwa da ita, kuma zafin kwaltarmu yana gaggauta wannan duka. Su kansu masu ƙera taya suna cewa in ta wuce shekara 5 a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai 10 a cire ta ko da tana da kyan gani. Saboda haka in za ka saya, kar ka tsaya ga zane kaɗai. Nemi inda aka rubuta DOT, bi layin har ƙarshe, karanta lambobi huɗun nan. Ka duba gefe ko akwai tsaga ko kumburi. Taya mai ƙululu, wallahi ko kyauta aka ba ka kar ka sa.

Sai maganar iska. Akwai wata fahimta da ta bazu cikin direbobi, wai in zafi ya yi a rage wa taya iska don kar ta fashe. Abin juye yake. Tayar da iskarta ta gaza ita ce gefenta ke lanƙwashewa a kowane juyi, lanƙwasar nan ita ke haifar da zafi, zafin ya kashe ta. Adadin da ya dace da motarka yana rubuce a wata ƴar takarda da ke manne jikin ƙofar direba, wani lokaci a murfin tanki. Da safe ake awo, kafin mota ta yi tafiya, da abin awo, ba da bugun ƙafa ba. In ka tsaya a hanya ka ga iska ta ɗan hau, ƙyale ta, haka take yi in taya ta ɗau zafi. Kuma a auna har da ta sekur. Ni dai na sha darasi.

In ta fashe kana gudu, ƙafarka za ta so taka birki da ƙarfi. Hana ta. Riƙe sitiyari da hannu biyu, sassauta totur a hankali, bari mota ta rage gudu da kanta, sannan ka sauka gefe.

Abu na biyu ruwa ne. Duba shi da safe injin yana sanyi. In kana tafiya ka ga allurar zafi ta doshi ja, tsaya ka kashe. Kar ka ce bari in lallaɓa zuwa gari na gaba, wannan lallaɓawar ita ke ƙona gasket, gyaran ƴan jikkuna ya koma na ɗaruruwa. Kar kuma ka taɓa murfin radiyata a lokacin. Ruwan da ke ciki ya wuce zafin tafasa, matsi ne ya riƙe shi, kana buɗewa zai yi tsiri ya wanke maka fuska. Jira aƙalla rabin awa. Kuma ban da antaya ruwan sanyi cikin injin da ke tururi, ƙarfe na iya tsagewa. Ruwan rijiya da na famfo maganin gaggawa ne kawai, in aka mai da shi na kullum yana barin tsatsa da farin gishiri da ke toshe radiyata.

Man inji ba sai na daɗe ba, sandar awo tana da zane biyu, mai ya tsaya tsakaninsu. Amma ku riƙe wannan: fitilar nan ja mai siffar buta, in ta kama kana tafiya, ba tunin bidanj take maka ba. Cewa take mai ba ya zagaya injin. Kashe nan take.

Yanzu ga ka a bakin hanya. Abin da ya fi kashe mutane a nan ba gyaran ba ne, motar da ke tahowa daga baya ce. Sauka daga kwalta gaba ɗaya in da hali, kunna wutar haɗari, fitar da kowa su tsaya nesa, ba a gaban mota ba, ba a bayanta ba. Ajiye tiriyangil aƙalla mita 30 a baya, a babbar hanya irin ta Yamai zuwa Diffa ka ƙara nisa sosai, balle kusa da kwana. Na san mun saba karya reshe mu jera. Da dare ba wanda ke ganin ganye. Abin takaici ma, a gama gyara a tafi a bar duwatsu da itace a kan hanya, mai babur ya zo ya ci karo da su. Wannan alhaki ne, kun ji na faɗa.

Wajen canjin taya, ja birkin hannu, sa giya, tokare wata tayar da dutse. Sassauta notuna tun mota tana ƙasa, sannan ka ɗaga. Ƙasarmu rairayi ce, don haka ɗan guntun katako mai kauri ya zauna a kofur saboda gindin kirik. Kar ka kuskura ka shiga ƙarƙashin motar da kirik kaɗai ke riƙe da ita. In ka ɗaura, ɗaure notuna ɗaya nan ɗaya can, suna kallon juna, ka ƙarasa ɗaurin bayan ka sauke mota. Tocila, jarka ta ruwa, waya mai caji. In an samu rauni, lambar ƴan kwana-kwana 18.

Ƴan uwa mata, na ga kuna murmushi. Notun da ya ƙi hannu yana bin ƙafa: ɗora sifana a kwance, ki taka da nauyinki. Ni ma haka nake yi.

Ga motar yayan nawa can bakin ƙofa, na roƙo ta musamman. Mu fita, kowa ya durƙusa ya nemo mini shekarar tayoyinta. Akwai guda da na san ba za ta yi muku daɗi ba, har yanzu muna gardama da shi a kanta.