Tsakanin Kano Da Jidda: Nisan Tafiya Da Farashinta

 

Ya 'yan'uwa manoman ƙasar Dambatta da Makoɗa da Kunci, yau za mu duba nisan da ke tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da filin Sarki Abdul'aziz na Jidda, wanda aka buɗe a 1981. Idan aka ja zare miƙe tsakaninsu, kimanin kilomita 3,400 ne, wato kusan sau 70 na tafiyar Dambatta zuwa birni. Zaren nan yana bi ta gefen Tafkin Chadi, ya ratsa ƙasar Chadi da arewacin Sudan, sannan ya tsallake Bahar Maliya. Jirgi mai gudun kilomita 800 a sa'a yakan cinye shi cikin sa'a huɗu da 'yan kai.

Kakanninmu da ƙafa suka san wannan nisa. Mai tafiyar kilomita 30 a yini sai ya yi kusan wata huɗu ba hutu, amma ba wanda ya iya haka. Sukan bi ta Barno da Wadai da Darfur har Sawakin, suna tsayawa ƙwadago don neman guzuri, wani ya shekara biyar, wani ya zauna can har abada. Zuriyarsu na nan a Sudan. Jirgin sama kuwa bai fara sauka Kano ba sai a 1925.

To, ya jama'a, jirgi ya rage kwanaki, amma ƙasa tana nan da faɗinta, kuma kowace kilomita mai take ci. Mun ga haka a 2023, lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan aka rufe sararin samaniyarta: jiragen alhazai suka yi zagaye, sa'o'i suka ƙaru, kamfanonin jigila suka nemi ƙarin kuɗi.

Nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. A wannan yanki gona na jingine da gona, babu dajin da za a sara, gado kuma kullum sai ƙara tsagewa yake. Duk da haka sai ka ga magidanci ya sayar da gonar da ke ciyar da iyalinsa don ya biya kujera, yana ganin ai tafiyar rabin yini ce. Ya dawo da suna, damina ta faɗi, 'ya'yansa na ƙwadago a gonar da ta kasance tasu.

Aikin Hajji ya wajaba ne a kan mai iko, kuma malamai sun sanya abin da za a bar wa iyali cikin ikon. Wanda ke da rarar hatsi ko gyaɗa ko kiwo, ya tara sannu a hankali har Allah Ya nufa. Wanda ba shi da ita, babu laifi a kansa.

Allah Ya kira mu da halal, Ya zaunar da ƙasashen da muke ketawa lafiya.